Na yi digiri ta intanet da maki 4.41, amma wurare uku sun ƙi ɗaukata mastas: ina matsalar take?

Abdulmalik Agege: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Iyayena da yayyena, shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya sani ya faɗa mini gaskiya ko da za ta yi ɗaci. Na yi digirin farko a kimiyyar kwamfuta ta karatun nesa, a wata jami'a ta nan gida wadda NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ta amince da ita. Shekara biyar na yi ina fama. Ina aiki a wani kamfanin fiton kaya a Apapa, ina barin Agege bayan sallar asuba, ba na komawa gida sai bayan isha'i. Rabin karatuna a cikin mota na yi shi, waya a hannu, ana tsaye a gosulon Oshodi ko na Ijora. Sauran rabin kuma daga ƙarfe goma sha ɗaya na dare zuwa ɗaya, in akwai wuta. Na fita da 4.41 cikin 5, saura ƙiris in taɓa ajin farko. Bara na nemi mastas mai tallafin karatu a wurare uku a Turai da Amurka. Biyu sun aiko da wasiƙar ban haƙuri, ɗaya ko amsa ba su ba ni ba. Wani abokin aikina da ya yi jami'ar zaman aji, makinsa 3.8, ya samu ɗaya daga cikin wuraren nan. Ina taya shi murna har zuciyata, amma abin ya tsaya mini a rai. Shin karatun intanet ɗin ne ya kashe ni? In sake nema bana, ko in haƙura?

Alhaji Ɗanlami Mile 12: Wa alaikumus salam. Yaro, ni ba ɗan boko ba ne, tumatir da albasa na sani, amma 'ya'ya huɗu na biya wa jami'a. Tun farko na gaya wa nawa, karatun da ba ka zauna gaban malami ba, ba ka ga idonsa ba, bai ga naka ba, mutane ba za su ɗauke shi da daraja ba. Ba ga abin da ya faru da masu digirin Kwatano ba? Yara nawa muka sani a kasuwar nan da suka tsallaka Seme suka dawo da kwali?

Bilkisu Idi-Araba: Baba Alhaji, da girmanka, amma kada a yi mana kuɗin goro. Na Kwatano sayen kwali ne. Ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya nuna wa duniya a ƙarshen 2023 cewa cikin mako shida ya samu digiri bai shiga aji ba, bai rubuta jarrabawa ba, shi ya sa gwamnati ta dakatar da tantance takardun Binin da Togo a Janairun 2024. Mu kuwa karatu muka yi. Ni ma'aikaciyar jinya ce, digirina na aikin jinya ta karatun nesa na ƙaro shi, ina dutin dare, ina goyo. Jarrabawa a zaure muka rubuta ta, da masu sa ido a kanmu, an karɓe wayoyi a ƙofa. Wanda ya faɗi ya maimaita. Ina haɗin wannan da wancan?

Alhaji Ɗanlami Mile 12: 'Yata, ban ce ba ku yi karatu ba, Allah ya kiyaye. Na ce wake ɗaya ke ɓata gari. Baturen da ke zaune a Ingila ina ya san bambancin naki da na Kwatano?

Dakta Sani: Alhaji, a nan ne zan shigo, domin ya sani, kuma yana da hanyar sani. Abdulmalik, ina koyarwa a wata jami'a a nan Legas, na kuma yi shekaru ina zama a kwamitin ɗaukar ɗaliban digiri na biyu na sashenmu. Bari in gaya maka yadda fayil yake bi ta hannunmu, na waje ma kusan haka suke yi.

Abu na farko da ake dubawa ba yadda ka yi karatun ba ne, wace jami'a ce ta ba da kwalin, kuma hukumar ƙasarta ta san da ita? A nan gida jerin NUC muke buɗewa, kuma ba sunan jami'a kawai ba, shi kansa kwas ɗin sai ya kasance an amince da shi. A Birtaniya suna da ofishin da ke auna takardun ƙasashen waje, UK ENIC. Amurka da Kanada jami'o'i da yawa za su ce ka aika takardunka WES, wata cibiyar auna takardun karatun ƙasashen waje, ko makamancinta su auna. Jamus suna da rumbun bayanai mai suna anabin, in jami'arka tana da alamar H+ to sun yarda jami'a ce. Wannan matakin, in dai jami'arka NUC ta amince da ita kamar yadda ka ce, ka wuce shi. Da a nan ka faɗi, da yawanci za su gaya maka ƙarara cewa ba ka cika sharaɗi ba. Me wasiƙar tasu ta ce?

Abdulmalik Agege: Ranka ya daɗe, cewa suka yi masu nema sun yi yawa, kuma duk ƙwararru ne, gurbi kaɗan ne.

Dakta Sani: To ka gani. Ka shiga cikin waɗanda aka karanta fayil ɗinsu, a can ciki aka fi ka. Yanzu amsa mini wannan: su wa suka rubuta maka wasiƙun shaida, kuma ka san abin da suka rubuta?

Abdulmalik Agege: Ɗaya manajanmu ne a wurin aiki. Ɗayan malamin da ya duba mini furojet ne. Sau biyu muka taɓa haɗuwa ido da ido, sauran ta waya da imel. Da na roƙe shi wasiƙar sai ya ce in tuna masa sunana da lambata. Ya turo mini kwafi daga baya, layi biyar ce. Ya ce ni ɗalibinsa ne, ina da ladabi da ƙwazo, ya san zan yi kyau. Na uku na rasa wanda zan sa, sai na sa shugaban cibiyar karatunmu, shi kuma bai taɓa koyar da ni ba.

Dakta Sani: Ga inda gizo ke saƙar. Ɗana, ba intanet ce ta kayar da kai ba, rashin wanda ya san ka ne. Ka sa kanka a kujerar mai zaɓe. Gurbi goma, fayil ɗari biyu, kusan kowa makinsa ya haura 4. Maki ya daina raba gardama. Sai ka buɗe wasiƙar wani yaro, farfesa ya cika shafi biyu: na koya masa kwas kaza da kaza, a cikin ɗalibai tamanin shi ne na uku, ya zo ofishina da wata tambaya da ta sa na sake duba lissafina, ya yi wata shida a ɗakin bincikena yana gyara mana manhaja. Sai ka buɗe taka, "yana da ladabi da ƙwazo". Wa za ka ɗauka? Abokin aikinka mai 3.8, ina kyautata zaton ya yi shekara huɗu yana gilmawa ta gaban ofisoshin malamai, wani ya san fuskarsa, ya san aikinsa. Wannan shi ne abin da zaman aji ke bayarwa a ɓagas, mai karatun nesa kuwa sai ya tashi ya nema da ƙafarsa. Kuma abin da ke ba ni takaici, ba wanda ke gaya muku wannan ranar da kuke rajista. Sai an gama, an karɓi kwali, sannan yaro ya waiwaya ya ga ba wanda zai tsaya masa.

Alhaji Ɗanlami Mile 12: To Dakta, ai maganata ka dawo. Malami bai ga idonsa ba.

Dakta Sani: Rabin maganarka, Alhaji. Ka yi gaskiya cewa sanayya tana da nauyi. Inda muka rabu shi ne kwalin nasa ba jabu ba ne, kuma gibin ana iya cike shi. Karatu daga nesa ai ba yau aka fara ba. Jami'ar Landan tun 1858 take ba da digiri ga waɗanda ba su zauna a cikinta ba. Cif Obafemi Awolowo yana nan Najeriya ya yi digirin kasuwanci da ita ta wasiƙa, kafin ya tafi Ingila karatun lauya. Mandela yana kurkuku ya kammala digirin shari'a da Jami'ar UNISA ta Afirka ta Kudu. Abin da ya canza kawai, da gidan waya ne, yanzu waya ce a aljihu.

Barista Nura: Dakta, a yi adalci dai, a gaya wa yaran nan cewa wariyar ma akwai ta, ba duka laifin wasiƙa ba ne. Mu a fanninmu mun gani. Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, Shagari ya kafa ta a 1983, sojoji suka dakatar da ita a 1984, Obasanjo ya farfaɗo da ita a 2002, shi da kansa ya yi digirin digirgir a cikinta. Amma waɗanda suka karanta shari'a a can sun shafe shekaru Majalisar Ilimin Shari'a ba ta yarda su shiga makarantar horar da lauyoyi ba. Sai da aka je kotu, aka yi wa dokar jami'ar gyara a 2018 lokacin Farfesa Abdalla Uba Adamu yana shugabanta, sannan daga baya aka buɗe musu wata hanya ta musamman. Na san mutanen da suka yi furfura suna jira. Saboda haka duk mai shirin karatun nesa a fannin da ke da hukumar ba da lasisi, shari'a ne, injiniya ne, lafiya ne, ya fara tambayar hukumar kafin ya biya ko sisi.

Bilkisu Idi-Araba: Wannan haka yake. Mu ma sai da muka tabbatar majalisar ma'aikatan jinya ta san da shirin kafin muka shiga.

Barista Nura: Sannan maganar hidimar ƙasa. Abdulmalik, wace takarda gare ka?

Abdulmalik Agege: Ba mu je sansani ba, Barista. Takardar cirewa aka ba mu, wadda ke nuna ba ma cikin masu zuwa hidimar ƙasa.

Barista Nura: Ka adana ta kamar fasfo. Jami'o'in gida suna tambayar takardar NYSC wajen neman mastas, ko ta kammalawa, ko ta yafewa, ko ta cirewa. Tallafin karatun gwamnati ma ana tambaya. Ka riƙa karanta sharaɗin kowane da kyau ka ga wace iri suka ambata. Na waje kuwa ba ruwansu da ita.

Maryam A.: Salam. Na daɗe ina karanta zauren nan ban cika magana ba, amma wannan ta shafe ni. Yaya Abdulmalik, ni NOUN na yi, kiwon lafiyar al'umma, ina zuwa cibiyar McCarthy ta wajen Obalende rubuta jarrabawa. A Idi-Araba aka haife ni, Anti Bilkisu ta san gidanmu. Yanzu haka ina Sikotland ina mastas da cikakken tallafi. Makina bai kai naka ba, 4.1 ne. Kuma karon farko da na nema ni ma ba wanda ya ɗauke ni.

Abin da ya juya mini al'amari ba a makaranta ya faru ba. Wata likita ce take bincike kan dalilin da ya sa wasu iyaye mata a unguwarmu ba sa kai yara su ƙarasa rigakafi. Bayarabiya ce, ba ta jin Hausa, matan kuma ba sa sakin jiki da ita. Aka ce tana neman tafinta, na je. Kuɗin mota kawai take ba ni. Ina tuna wata rana mun shiga wani gida, matar tana tankaɗen gari a tsakar gida, likita ta yi tambaya daga takarda, na fassara, matar ta ce "lafiya lau, muna kai su". Da muka tashi fita na tsaya ɗaura takalmi, sai ta ce mini a hankali, allurar farko yaron ya kwana yana zazzaɓi, maigidan ya ce kada a sake. Na gaya wa likita a hanya cewa tambayoyin takardar nan ba za su taɓa fito da wannan amsar ba, domin duk sun ɗauka uwa ce ke yanke hukunci. Ta tsaya cak a bakin kwata ta dube ni. Daren nan ta kira ni muka sake rubuta tambayoyin tare.

Wata takwas na yi da ita. Na koyi shigar da bayanai, na koyi lissafinsu a kwamfuta, da aka buga binciken sunana ya fito na huɗu. Ita ta rubuta mini wasiƙa, ta kuma haɗa ni da wani farfesa da ya ga aikin, shi ma ya rubuta. A intabiyu, minti ashirin, ba wanda ya tambaye ni ko digirina na intanet ne. Labarin matar nan mai tankaɗe suka riƙe, suka yi ta tambaya a kai.

Bilkisu Idi-Araba: Allahu Akbar, Maryam ashe ke ce! Ina ganinki da jakar nan kuna zagaye da likitar, ban san abin da ake ƙullawa ke nan ba. Allah ya ƙara ɗaukaka.

Maryam A.: Amin Anti. Kuma ina so in ce wani abu saboda 'yan'uwana mata da ke karantawa ba sa magana. Da yawa cikinmu karatun nesa ne kaɗai ƙofar da ta rage. An yi aure, ga yara, maigida ba zai yarda a tafi Zariya ko Kano shekara huɗu ba, ko zuwa Jami'ar Legas da ke Akoka kullum ma aiki ne. In aka ce wannan karatun ba shi da daraja, mu aka rufe wa ƙofa. Amma kada mu yaudari kanmu, zama a ɗaki da waya kaɗai ba zai kai mutum makarantun da ake rububi ba. Dole a samu wani aiki na zahiri da wani babba zai gani.

Usman Computer Village: Ni tambayata daban ce. Malam Abdulmalik, me kake nema takamaimai, ilimin ko fita waje? Ba da wata manufa na tambaya ba, amsar ce ke canza shawara. In ilimin ne da kwali mai nauyi, Georgia Tech ta Amurka tana da mastas na kimiyyar kwamfuta ta intanet tun 2014, OMSCS. Lokacin da suka fara, duka karatun bai kai dala dubu bakwai ba, kuma kwalin iri ɗaya ne da na waɗanda suka zauna a Atlanta. Ba sa tambayar GRE, jarrabawar nan ta masu neman shiga digiri na biyu a Amurka. Shiga ba ta kai wahalar fita ba, domin sai ka ci kwas biyu na tushe da aƙalla B a shekarar farko kafin ka ci gaba. Kana Apapa kana aikinka kana yi. Ni ina ciki yanzu, kwas ɗaya nake ɗauka duk zango saboda kuɗi da lokaci.

Abdulmalik Agege: Yaya Usman, bincike nake so in yi, har digirin digirgir in Allah ya yarda. Ina son fannin koya wa kwamfuta harshe. Kuma gaskiya dala dubu bakwai a canjin yau ta fi ƙarfina, sai da tallafi.

Dakta Sani: In bincike ne, to kada ka ƙara intanet a kan intanet, Usman ka yi haƙuri. Shirin da ka faɗa mai kyau ne ga ma'aikaci, amma ciwon yaron nan rashin malamin da ya san shi, kuma ajin da ke da ɗalibai ɗaruruwa ba lalle ya warkar da shi ba.

Usman Computer Village: Ban ƙi ba Dakta, kodayake akwai masu samun yin bincike da malamai a ciki, sai dai sai mutum ya yi naci. Amma tunda ya ce harshe, ai abin nema ya samu. Abdulmalik ka san Masakhane? Ƙungiya ce ta masu binciken harsunan Afirka a kwamfuta, a intanet suke haɗuwa, ba a tambayar kwalinka kafin ka shiga. Akwai kuma HausaNLP, 'yan'uwanmu ne malamai da ɗalibai masu aiki kan Hausa, da hannunsu aka tattara bayanan NaijaSenti, tarin saƙonnin Tiwita a harsunan Najeriya don koyar da kwamfuta, da aka fitar a 2022. Kullum ana bukatar wanda ya iya Hausa sosai kuma ya iya rubuta manhaja. Kai kana da duka biyun. Ka shiga, ka karɓi ƙaramin aiki, ka gama shi a kan lokaci, ka karɓi wani. A nan Legas ma akwai Data Science Nigeria, ga tarukan da ake yi a cibiyar fasaha ta CcHub a Yaba. Daga Apapa zuwa Yaba ai ba nisa.

Maryam A.: Wannan ita ce irin hanyar da na bi, fanni ne kawai ya bambanta. Hausar da muke ganin ba komai ba ce, ita ta buɗe mini ƙofa.

Sadiya Obalende: Don Allah ku ba ni dama in sako tawa. Ƙanena yana son shiga wata jami'ar Amurka ta intanet mai sauƙin kuɗi. An ce tana da amincewa. Ya isa?

Dakta Sani: Hajiya, a Amurka amincewa iri-iri ce. Akwai hukumomin da a da ake kira na yanki, su ne ke tantance manyan jami'o'in da kika sani. Akwai kuma na ƙasa, irin DEAC mai kula da makarantun karatun nesa. A 2020 ma'aikatar iliminsu ta daina raba su a hukumance, amma jami'o'i da yawa har yau in suka ce digiri daga makarantar da aka amince da ita, ta farkon suke nufi. Saboda haka ya nemi sunan hukumar da ta tantance makarantar, sannan ya rubuta wa jami'o'i biyu ko uku da yake burin yin mastas a cikinsu ya tambaye su kai tsaye ko suna karɓa. Ya ajiye amsar a rubuce. Na biyu, in a Najeriya zai yi aiki ko ƙarin karatu, kwalin waje sai ya bi ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya an tantance shi. Ya binciki wannan tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya.

Sadiya Obalende: Na gode Dakta. Wani ejan a Ikeja ya ce mu kawo dubu ɗari huɗu zai yi komai.

Barista Nura: Kada ku ba shi. Duk abin da Dakta ya lissafa, imel ne kyauta.

Alhaji Ɗanlami Mile 12: Ni fa har yanzu abin da ban gane ba, me ya sa dole sai waje? Ga jami'a a Akoka, ga ta Ojo, ga Ibadan nan kusa. Yaro yana da aiki a hannu, yana da iyaye. Dala ta haura, Ingila ma tun 2024 sun hana masu irin wannan karatun tafiya da iyali. A yi a gida mana.

Dakta Sani: Wallahi Alhaji wannan karon ina bayanka, kuma ita ce shawarar da na fi ba wa masu digirin nesa, sai dai ba sa son ji. Abdulmalik, mastas na zaman aji a gida, mai rubuta kundin bincike, yana wanke duk wata tambaya da ke kan digirinka na farko. Da 4.41 ka wuce sharaɗin shiga, sauran jarrabawar tantancewa ce, kuma takardar jarrabawa ba ta san ko a ina ka yi karatu ba. Cikin shekara biyu za ka samu sufabaiza da ya san ka ciki da waje, malamai uku da za su rubuta shafi biyu a kanka, wataƙila da maƙala guda da aka buga. Da wannan za ka nemi digirin digirgir kai tsaye, inda tallafin ya fi yawa. Ba zan ɓoye maka ba, akwai jinkiri, akwai yajin aiki, na 2022 wata takwas ya ci. Amma hanya ce da na ga ta kai mutane.

Maryam A.: Dakta, ina da ja kaɗan. Shekara biyun nan takan zama uku, ga shi yana aiki Apapa, darasin rana ba zai yiwu masa ba sai ya ajiye aikin. Ni ina ganin ya yi duka biyun: ya sayi fom na gida, ya kuma sake jefa ƙugiya waje, amma ya canza inda yake jefawa. Bara duka ukun Turai da Amurka ya nema. Akwai Carnegie Mellon reshen Kigali a Ruwanda, suna da mastas na fasahar sadarwa da na ƙirƙirarriyar basira, kuma akwai tallafi ga 'yan Afirka. Akwai AIMS, cibiyar lissafi da aka fara a Afirka ta Kudu a 2003, tana da rassa a Ghana da Senigal da Kamaru da Ruwanda, wanda suka ɗauka su ke ɗaukar nauyinsa. Su ma ana rububinsu, amma sun san yanayin da ɗalibin Afirka ke karatu a ciki. Sannan Chevening, tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, su aikin da ka yi da jagoranci suke kallo sosai, suna neman gogewar aiki ta awa 2,800, ka karanta yadda suke ƙirga ta. A wurinsu shekarunka na Apapa ba asara ba ne.

Usman Computer Village: In zai nemi AIMS ko Jamus ya duba darussan lissafin da ke cikin tiranskirif ɗinsa, wato takardar sakamakon kwasa-kwasansa. Jamusawa kwas-kwas suke ƙirgawa, nawa ka yi na lissafi, nawa na ka'idar kwamfuta. In bai kai ba, ko kana da 5.0 ba za su ɗauka ba. Yawancin jami'o'in gwamnatinsu ba kuɗin makaranta, amma biza tana bukatar ka nuna kuɗin zama na shekara a asusu, a 2024 ya kai yuro 11,904.

Dakta Sani: Gaskiya ne. Kuma GRE, ko da makaranta ta ce ba dole ba, mai digirin nesa in yana da hali ya rubuta. Makin ɓangaren lissafinta daga 130 ne zuwa 170. In ka kawo 165, duk mai shakkar ko kai ka rubuta jarrabawoyinka da kanka ya yi shiru, domin ma'auni ɗaya ne da na ɗan kowace jami'a a duniya.

Abdulmalik Agege: Jama'a na rasa bakin godiya. Tun jiya nake maimaita karantawa. Abu ɗaya ya rage mini. A takardar bayanin kai da na rubuta bara, ban ambaci cewa karatun nesa na yi ba ko kaɗan, na ji tsoro. Ban kuma ambaci aikina ba sosai, don kada su ce hankalina ya rabu. In faɗa bana, ko in bar shi?

Maryam A.: Ka faɗa, amma a layi biyu, ba da sigar neman afuwa ba. Ni na rubuta cewa na yi digirina ina aiki ina kula da gida, na wuce zuwa abin da na yi da shi. In ka ɓoye kuma suka gani a tiranskirif, sai ya zama kamar kai ma kana jin kunyarsa.

Dakta Sani: Kuma me kake yi a kamfanin naku? Ba ka faɗa mana ba.

Abdulmalik Agege: Takardun kwantena nake bi, ranka ya daɗe. Da a littafi ake rubuta komai, kwantena ta kwana a tasha ana cajin mu kuɗin jinkiri ba wanda ya lura. Sai na rubuta wata 'yar manhaja da ke tura wa direbobinmu saƙo ta waya, da Hausa, saboda yawancinsu 'yan Arewa ne, tana gaya musu ranar ɗauka da ranar mayar da fanko. Shekara biyu ke nan ana amfani da ita. Direbobi sittin da wani abu ne a kai yanzu.

Usman Computer Village: Kai Malam! Wannan ka bari ba ka rubuta ba?

Abdulmalik Agege: Na ɗauka ba abin faɗa ba ne, ba bincike ba ne, aikin ofis ne kawai.

Dakta Sani: Direbobin suna ba da amsa? Da rubutu ko da murya?

Abdulmalik Agege: Yawanci da murya. Wasu ba sa karanta boko, yaran mota ke karanta musu. Ni nake sauraron saƙonnin ɗaya bayan ɗaya in shigar da hannu, shi ya sa ma nake son in koyi yadda kwamfuta za ta riƙa gane maganar Hausa da kanta, ga ƙarar inji ga hayaniyar tasha.

Dakta Sani: To wannan jimlar taka ta ƙarshe ita ce farkon takardarka ta bana. Ka nemi izinin kamfani da na direbobin kafin ka taɓa muryar kowa da sunan bincike. Na turo maka lambata ta akwatin sirri. Ranar Alhamis bayan azahar ina ofis, ka zo da kwamfutarka da tiranskirif da takardar da ka rubuta bara. Akwai wani abokin aikina a sashen kwamfuta da nake so ya ga manhajar nan da idonsa.

Alhaji Ɗanlami Mile 12: Yaro, in ka gama da Dakta ka biyo ta kasuwa. Motocinmu na tumatir daga Kano da Zariya su ma haka muke fama da direbobi, mota ta kwana a hanya kaya ya ruɓe ba mu sani ba. Ina so in ga abin nan naka.

Abdulmalik Agege: In sha Allahu Baba. Dakta, zan nemi izinin rabin yini a wurin aiki, Alhamis ina tafe.